Babin da Na Ɓoye wa Mai Tafireta

A shekarar da sojoji suka koma bariki na gama rubuta littafina na soyayya, babi goma sha bakwai. Sha shida an buga su tsaf da tafireta, an jera su a fayil mai igiya. Na sha bakwai kuwa yana nan da rubutun hannuna, a ƙasan akwatin kayana, a ɗakin da nake haya a Tirkaniya, cikin Kaduna. Ba wanda ya taɓa ganinsa.

Duk wanda ya tambaye ni dalili, amsata a shirye take: haka muke yi a ƙungiyarmu ta marubuta. Muna haɗuwa Lahadin farko ta kowane wata a wani ajin firamare a Unguwar Mu'azu, mu matsu a bencin yara, gwiwoyinmu suna neman taɓa haɓa. Shugabanmu dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin rediyo, Malam kawai muke ce masa, kuma shi ya kafa mana dokar cewa marubuci ba ya sakin ƙarshen labarinsa. Ka ba mai tafireta komai, ka nuna wa ɗan kasuwa komai, amma babin ƙarshe ya zauna a ɗakinka har sai an yi magana an gama. Lokacin masu shirya finafinan bidiyo sun taso haiƙan, farautar labari suke yi, kuma kowannenmu ya ji labarin wani bawan Allah da ya ba da littafinsa a duba masa, bayan wata uku ya tarar da shi a kaset da sunan wani. Ban taɓa haɗuwa da mutumin nan ba, amma dukanmu mun yarda yana nan.

To ni dai ba ɓarayin labari nake tsoro ba. Mai tafiretar nake ɓoye wa.

'Yar Filato ce, Kirista, tana da ɗan shago a unguwar Nasarawa tsakanin mai gyaran rediyo da wata mai sayar da gwanjo. Ni malamin makaranta ne, kuma tambayoyin jarrabawa na fara kai mata. Rubutuna kuwa, Allah Ya sani, ko ni idan ya kwana biyu sai na yi ta ƙura masa ido kafin in gane abin da nake nufi. Ita ta duba shi sau ɗaya ta fara bugawa kamar ita ta koya min. Daga nan na kawo babin farko. Tafiretarta ba ta da baƙaƙenmu masu lanƙwasa, don haka in ta gama shafi sai ta ɗauki baƙin biro ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana yi musu ƙugiya, tana cije leɓe. Ticha take ce min, ni kuma in ce mata Sista, kamar yadda kowa a layin yake kiranta.

Labarin na wani malamin makaranta ne Musulmi da wata tela Kirista. Na mai da ita tela, wai a nawa wayon kada a gane. Tun a babi na uku ta gane. Ba ta ce komai ba, sai dai ta fara faɗa da mutanen littafin. In na kai babi ranar Juma'a, ran Litinin sai in tarar da hukunci yana jirana.

"Ticha, wannan malamin naka ya cika tsoro fa. Shafi biyar yana tsaye a ƙofar shago, ya kasa cewa komai."

"Kunya ce."

"Abeg, tsoro ne. Ka sa shi ya shiga."

Sai in koma gida in sa shi ya shiga. Haka muka yi wata goma sha huɗu. Ban taɓa buɗe baki na ce mata ina sonta ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba, littafin ne yake yi mana aikin. A babi na sha biyu malamin ya yi wa telar alkawarin aure, ya ce ko gari zai tashi ba zai bar ta ba. Ranar da ta buga wannan babin ta rufe shago da wuri, ta raka ni har bakin titi, muka tsaya muna kallon bas-bas suna wucewa har guda huɗu ban tsayar da ko ɗaya ba. Ina sonta, wannan ba na musu a kai, a lokacin ko yanzu.

Amma a babi na sha bakwai malamin ya bar ta. Ni ma kuma na riga na amsa wa Baba cewa zan auri 'yar amininsa, wata ma'aikaciyar jinya mai hankali da ba ta yi min laifin komai ba. Ba wanda ya tilasta ni. Baba ya tambaya ne kawai, na sunkuyar da kai na ce to. Gari ma ya fara canzawa a watannin nan. Fastocin zaɓe ba su gama ɓarewa daga jikin bango ba aka shiga maganar Shari'a a kowane teburin mai shayi, mutanen da suka shekara goma suna aiki a masaƙa ɗaya suka fara yanke hira idan wanda ba addininsu ɗaya ba ya iso. Mai gyaran rediyo, wanda da yake tsokanata da "surukinmu", ya koma amsa gaisuwata da ka. Na tattara duk wannan na mai da shi hujja. Gaskiyar magana ita ta riga ta faɗe ta tun a babi na uku, matsoraci ne ni.

Don in samu sauƙi sai na rubuta wa telar jawabi mai daɗi a shafi na tara na babin. Ta yi kuka, ta ce ta fahimta, ta ce ta yafe, har ta yi wa malamin addu'ar zaman lafiya da amaryarsa. Na karanta jawabin nan ya fi sau ashirin, duk lokacin sai in ji zuciyata ta yi sanyi. Na san ranar da Sista ta ga babin nan, ranar muka rabu. Kullum ina cewa gobe zan faɗa mata da bakina, kullum ina komawa Tirkaniya ban faɗa ba. In ta tambayi ƙarshen sai in ce dokar Malam ce, ta yi dariya ta ce ita ma ɓarauniya ce kenan.

Malam ne ya kawo mana adireshin wakilan marubuta, ya kwafo daga wata mujalla. Ya ce dillalai ne, amma na littafi: su karɓi aikinka, su sa a fassara in ya kama, su kai wa manyan kamfanonin ɗab'i a Legas da ƙasashen waje. Ya ce tunda soja ya tafi, duniya ta sake waiwayo mu. Na aika wa uku wasiƙa da taƙaitaccen labarin, Sista ta buga min da Turanci. Taƙaitawar kuwa na rufe ta yadda muka saba, da tambaya: shin malamin zai cika alkawari? Biyu ba su amsa ba har yau. Na uku ya aiko layi biyu, wai ba ya iya yanke hukunci kan labarin da bai san ƙarshensa ba. Na kai wa Malam, ya buga teburi da yatsa.

"Ka gani ko? Ƙarshen suke so. Kada ka kuskura."

Bayan damina sai ga labari cewa wata wakiliya daga Legas za ta zo Kaduna da kanta, kwana ɗaya tak, ranar Asabar, a wani masauki a Barnawa. Kowane marubuci minti goma.

Mu goma sha ɗaya muka jeru a barandar masaukin, kowa da fayil a kan cinya, kowa ya sha guga. Ba mai magana da wani sosai, don duk wanda ka kalla abokin takara ne. Malam yana kai da komo yana raɗa mana kada mu manta da doka. Mutum biyar suka shiga kafin ni, ba wanda ya fito da fara'a.

Mace ce da ta kai hamsin, gashinta a aske ya fara furfura, tabarau a rataye a wuya. Ta ajiye agogon hannunta a kan teburi yana kallonta. Ashe a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa aka haife ta, Hausarta ta yarinta ce, ta ɗan yi tsatsa amma ba ta ɓata ba. Ni kuwa da na ji Hausa sai na saki jiki na shiga gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, yaya hanya, yaya aka baro mutanen Legas, yaya iyali, yaya aka ji da zafin garinmu. Na yi mata godiya da ta tuna da mu. Na fara ba da haƙuri cewa ɗan abin da na rubuta bai taka kara ya karya ba.

Ta juyo da agogon ta nuna min. "Malam, minti huɗu sun tafi. In littafin bai taka kara ya karya ba, me ya kawo ka? Faɗa min labarin."

Na daburce. Jawabin da na haddace a gaban madubi ya gudu. Sai na ji kaina ina faɗin abin yadda yake: malami ne, ya kai rigarsa ɗinki, telar ta ce masa aljihun da yake so a yi masa ba zai ɗauki komai ba sai alli. Suna zaune a gari ɗaya, suna hawa bas ɗaya, amma ba gidan da zai karɓe su su biyu. Ta ɗaga tabarau ta sa. Ta jawo fayil ɗin, ta buɗe tsakiya, ba farko ba, ta karanta shafi guda a tsaye, ta juya na biyu. Na ga bakinta ya motsa kamar za ta yi murmushi.

"Matar nan tana da rai," in ji ta. "Yaya ya ƙare?"

"Ai Madam, wannan sai mai karatu ya biyo mu."

"Ni ba mai karatu ba ce, mai sayarwa ce. Yaya ya ƙare?"

"A ƙa'idarmu ba ma faɗa sai an daidaita."

Ta rufe fayil ɗin, ta tura min shi da yatsu biyu. "Kai ne na shida yau. Wa ya koya muku wannan abu? Mutum ya kawo min riga ba hannu ɗaya, ya ce in kai kasuwa. Na gode, Malam. Turo na gaba."

Na miƙe. Shekara biyu na rubutu, ga shi zai ƙare a minti tara. Na kai ƙofa, na kama mariƙinta, sai na juyo.

"Ya bar ta," na ce. "Ya auri wata."

Ta dube ni ta saman tabarau. "To. Wannan ana iya rubuta shi da kyau, ana iya ɓata littafin gaba ɗaya da shi. Ina so in gani a takarda. Ƙarfe huɗu mota za ta ɗauke ni. Ka kawo min shi a buge kafin nan, in tafi da duka. Ba na karanta rubutun hannu."

A baranda Malam ya tare ni yana tambaya ko na riƙe doka. Na ce masa fitsari nake ji, na bi ta bayan gini na fita titi. Sha ɗaya ta wuce.

Na hau acaɓa zuwa Tirkaniya, na zazzage akwati a tsakar ɗaki, na ɗauko shafi goma sha ɗaya. Har a lokacin ina neman hanyar tsira. Na tuna da wani mai tafireta a Kakuri, kusa da tasha, wanda yake buga wa mutane takardun rantsuwa a ƙarƙashin laima. Na je. Ya karɓi takardun, ya juya su sama, ya juya su ƙasa, ya matso da su kusa da hanci.

"Oga, wannan wane yare ne?"

"Hausa ce."

"Ko da Turanci ne ba zan iya ba. Likita ne kai?"

Na ce zan riƙa karanta masa yana bugawa. Muka gwada. Hausarsa ta ciniki ce, layi uku suka ci mana minti goma, kuma abin da ya fito ba Hausa ba ne, ba kuma wani yare da na sani ba. Mutum biyu suna jira a bayana suna tsaki. Na zare takardata na ba shi haƙuri. Na tsaya a bakin titi, rana a tsakiyar ka, ma'aikatan masaƙa suna fitowa daga aikin safe suna ratsa ni ta kowane gefe. Mutum ɗaya ne a duk Kaduna yake iya karanta rubutuna. Ina iya komawa gida in mayar da babin ƙasan akwati, littafin ya mutu, in ci gaba da zuwa Nasarawa ran Juma'a kamar ba komai. Na yi wannan tunanin sosai, ba zan ɓoye ba. Sannan na tsayar da acaɓa na ce Nasarawa. Ko a nan ma ba gaskiya ce ta tura ni ba, littafin ne.

Tana cin dafaffiyar gyaɗa a takarda lokacin da na shiga. Tana ganina ta miƙe.

"Yaya? Ta karɓa?"

"Tana son babin ƙarshe. A buge. Kafin huɗu."

Ta tafa hannu, ta yi 'yar rawa a tsakanin teburi da bango. "Yau dai zan gani! Kawo, kawo. Dokar Malam ta faɗi." Ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga siket, ta goge yatsu, ta jera farar takarda da ta kabon ta murɗa su cikin tafireta.

"Sista, bari in faɗa miki wani abu tukuna."

"Oya, ba lokaci. Ɗaya ta wuce. Zauna can, kada ka tsaya min a ka."

Da na so da na faɗa. Numfashi ɗaya ne. Na zauna a bencin masu jira.

Ba ta karanta babi kafin ta buga, tana bugawa tana karantawa ne, don haka ina jin inda ta kai daga ƙarar tafiretar. Shafin farko da na biyu ta wuce su a guje, har tana ɗan waƙar coci a maƙogwaro. A na uku ne mahaifin malamin ya kira shi ɗaki. Waƙar ta tsaya. A na huɗu malamin ya sunkuyar da kai ya ce to. Tafiretar ta yi shiru. Ban ɗaga ido ba, ina kallon wata tururuwa tana jan ɓawon gyaɗa a siminti. Ina jin rediyoyin maƙwabci guda uku suna magana a lokaci ɗaya, wani sabon ɗan majalisa yana alkawarin ruwan famfo. Shirun bai fi minti ɗaya ba, amma na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

"Ticha."

"Na'am."

"Wannan kalmar, 'biki' ce ko 'baki'?"

"Biki."

"Yaushe?"

Ba a rubuta ranar a babin ba. Ta san ba a rubuta ba.

"Bayan ƙaramar salla," na ce.

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da bugawa. Ba da sauri ba, ba a hankali ba, yadda take buga takardar haya ko ta neman aiki. Bayanta a miƙe. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Da aka kira salla a masallacin bayan layi, ba ta juyo ba ta ce, "Je ka yi sallarka. Kana hana ni aiki."

Na je. Ban san abin da na karanta ba. Na daɗe a zaune bayan an sallame, don ba na son komawa. Da na dawo uku saura kwata, ta gama, har ta bi baƙaƙen da biro ta yi musu ƙugiyarsu. Ta sa shafukan a ambulan mai ruwan ƙasa ta liƙe bakinsa. Idonta a bushe yake.

"Sista..."

"Za ka makara."

Na karɓa na fita.

A hanyar Barnawa muka ci karo da ayarin wani babban ɗan siyasa. An tare titi, jiniya tana ta kuka, motoci sun fi ashirin, 'yan banga a kan rufin bas suna kaɗa tutoci. Ɗan acaɓan ya kashe mashin ya ce da soja ne da tuni sun wuce, waɗannan sai sun ɗaga wa kowa hannu. Ina duba agogo ina zufa, ambulan ɗin a cikin rigata. Uku da rabi ta wuce muna nan. Na sauka na ratsa ta cikin lungu da gudu, na tsallake kwata, na fito ta gaban ayarin na hau wani mashin ɗin. Na isa masaukin huɗu saura minti goma. Baranda ba kowa, Malam da sauran sun watse. Direba yana sa jakarta a but.

Ta karɓi ambulan ɗin a tsaye, ta yage bakinsa, ta jingina da mota ta fara karantawa. Tana karatu da sauri, tana mayar da kowane shafi baya. Ina ƙirgawa da ido. Shida, bakwai, takwas. A na tara ta tsaya. Ta juya bayan takardar, ta sake juyowa.

"A nan me ta ce?"

Ta miƙo min. A saman shafin an buga yadda malamin ya gama bayaninsa, sannan layin da na rubuta: Telar ta ajiye almakashi, ta dube shi, ta ce. Daga nan babu komai. Rabin shafi fari fat. Can ƙasa labarin ya ci gaba daga inda malamin ya fita daga shagon, ba a tsallake ko kalma ɗaya ba. Ta auna daidai wurin da jawabin zai ci, ta murɗa takardar ta wuce shi.

"Kuskuren mai bugawa ne," na ce. "Na haddace shi, zan iya faɗa miki." Na fara: ta yi kuka, ta ce ta fahimta, ta ce ta yafe masa duniya da lahira, ta yi masa addu'a...

"Tsaya." Ta cire tabarau. "Matar da na karanta da safe ce ta faɗi wannan? Wadda ta ce aljihunsa ba zai ɗauki komai ba sai alli?"

Na mayar da idona kan farin shafin.

"Ba ta faɗa ba. Abin da kake so ta faɗa ne. Mai tafiretarka mace ce?"

"E."

Ta daɗe tana kallona, na ji kamar in nutse a wurin. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta mayar min da shafukan da fayil ɗin, ta ɗora katinta a kai.

"Littafin yana da kyau har zuwa wannan ramin. Ka nemo abin da ta ce, na gaskiya, ka aiko min da duka kafin ƙarshen shekara. In ka samo, zan ɗauka."

Ta shiga mota suka tafi.

Ran Litinin bayan an tashi makaranta na je Nasarawa. Wani tsoho ɗan fansho yana zaune a gabanta tana buga masa takardar koke. Na jira a benci har suka gama, ta karanta masa, ya sa hannu, ta raka shi ƙofa. Ta dawo ta zauna ta fara canza ribon ɗin tafireta.

"Ta ce za ta ɗauka," na ce. "In na cike wurin."

"Na taya ka murna."

"Sista, me ta ce?"

"Wa?"

"Telar."

Ta ci gaba da naɗa ribon, yatsunta duk baƙi. "Wata nawa babin nan yana akwatinka?"

"Huɗu."

"Wata huɗu kana zuwa nan kana cin gyaɗata. Ka tambaye ta kafin ka rubuta mata?"

"Yanzu nake tambaya."

"Yanzu kuma don Madam ta Legas ta ce ka tambaya." Ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun ranar Asabar. Ba fushi a fuskarta, kuma wannan ya fi komai ƙona ni. "Ni mai tafireta ce, Ticha. Abin da aka kawo nake bugawa. Wancan ne kawai hannuna ya ƙi. Kai ne marubuci, je ka rubuta."

Ta jawo durowa ta fito da kwafin kabon na babi goma sha bakwai ɗin duka, a ɗaure da zare, ta ajiye a bakin teburi. Ta ce tambayoyin jarrabawa ma in nemi wani, aiki ya yi mata yawa. Wata mata ta leƙo da takarda a hannu, Sista ta ce mata ta shigo, yanzu ta gama da wannan.

Daga ranar zuwa ƙarshen shekara ina da mako tara. Kullum na dawo daga makaranta sai in shimfiɗa shafin a kan teburi in ɗauki biro. Na sa telar ta zage shi, na sa ta yi masa dariya, na sa ta jefe shi da almakashi, na sa ta ce ya fita kawai. Na cika littafin rubutu guda da maganganunta. Wasu ma sun yi daɗi. Amma duk wanda na karanta a bayyane muryata nake ji, ba tata ba, kuma mutum ɗaya da za ta iya gaya min inda na kauce ba ta ƙara karanta rubutuna ba. Shekara ta ƙare ban aika ba.